Hamisu Iyantama: Ɗan fim ɗin da ya nemi kujerar gwamna, ya kwana a kurkuku

Alhaji Hamisu Lamido Iyantama ɗan wasa ne, furodusa, kuma mai kamfanin Iyan-Tama Multimedia da ke Kano, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka raini sana'ar fim ɗin Hausa tun shekarun 1990. Tarihinsa na nuna yadda a Jihar Kano fim da siyasa da hidimar al'umma suke tafiya a igiya guda, ta yadda duk wanda ya ja ɗaya sai sauran sun motsa.

Takara da guguwar 2007

A zaɓen 2007 Iyantama ya tsaya takarar gwamnan Kano a ƙarƙashin wata ƙaramar jam'iyya. Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ne ya lashe zaɓen a karo na biyu. Iyantama bai kai ga kujera ba, amma takarar ta fito da shi a matsayin ɗan adawa, a lokacin da jama'a ba su saba ganin ɗan fim ya wuce matsayin mai nishaɗantar da taron 'yan siyasa ba.

A cikin watan Agustan shekarar ne wani bidiyon wata 'yar fim ya yaɗu ta wayoyin hannu, gari ya ɗauki zafi. Gwamnati ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka kuma riƙa gurfanar da 'yan fim a kotun tafi-da-gidanka. Adam A. Zango ya sha ɗauri a 2007, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma a 2008.

Tsintsiya

Babban aikin da Iyantama ya yi don amfanin jama'a shi ne fim ɗin Tsintsiya, wanda Ofishin Jakadancin Amurka ya tallafa wajen shiryawa. An gina labarin bisa tsarin wasan Amurka mai suna West Side Story, aka mayar da shi soyayya tsakanin Musulmi da Kirista a cikin rikicin addini da ƙabilanci. Saƙon bai zo wa Kanawa a baƙo ba, domin ba a daɗe da fita daga tarzomar Mayun 2004 ba, wadda ta biyo bayan kashe-kashen Yelwan Shendam a Jihar Filato, ta ci rayuka da dukiyoyin 'yan kasuwa. Sunan fim ɗin kansa karin magana ne: tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Zuma a Abuja a 2008.

Shari'a

Wannan fim ne ya zama sanadin shari'arsa. Hukumar tacewa ta tuhume shi da gudanar da kamfani ba rajista da kuma sakin Tsintsiya a Kano ba tare da izininta ba. Shi kuwa ya ce yana da takardun rajista, kuma bai saki fim ɗin a kasuwar Kano ba. Ranar 30 ga Disamba, 2008, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa hukuncin da ya haɗa da ɗauri da tarar naira 300,000. Ya fito a watan Maris na 2009 bayan maganar ta kai Babbar Kotun jiha. Magoya bayansa sun ɗauki shari'ar a matsayin ramuwar siyasa, hukumar kuma ta tsaya a kan cewa doka ta bi.

Darasin Kofa

Bayan shekara bakwai, taƙaddama kan matsayin fim a cikin al'umma ta koma kudancin jihar. A 2016 Gwamnatin Tarayya, ta hannun Hukumar Finafinai ta Nijeriya, ta shirya gina ƙauyen fim na kimanin naira biliyan 3 a kan fili mai hekta 20 a Kofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, mahaifar Abdulmumin Jibrin, ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Kiru da Bebeji. Masu goyon baya sun hango aikin yi ga matasan yankin, daga Kiru har Tudun Wada da Doguwa, inda noma ne jigon rayuwa. Malamai da dama sun yi huɗuba a kan cewa wurin zai zama kafar lalata tarbiyya. A watan Yulin shekarar gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta janye shirin. Kamar a shari'ar Iyantama, 'yan siyasa da malamai ne suka yanke makomar abin, 'yan fim na gefe.

Yadda lamarin yake yanzu

Tun daga nan 'yan fim suka bi hanya biyu. Wasu sun rungumi aikin jinƙai kai tsaye: Hadiza Aliyu Gabon ta kafa gidauniyar HAG a 2016, Mansurah Isah kuma tana jagorantar Today's Life Foundation, dukkansu don agaza wa marayu da mabuƙata. Wasu kuma sun shiga gwamnati. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa ɗan wasa Abba El-Mustapha shugaban hukumar tacewar da ta gurfanar da Iyantama, sannan a Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba Ali Nuhu shugabancin Hukumar Finafinai ta Nijeriya mai hedkwata a Jos, wato hukumar da ta so gina ƙauyen Kofa.

Bambancin a bayyane yake. Iyantama ya nemi ƙuri'ar jama'a daga ɓangaren adawa, ya biya da watanni a kurkuku. Waɗanda suka biyo bayansa naɗi ne ya kai su ofis, kuma muƙamin naɗi yana hannun wanda ya bayar da shi.