Ma'aunin ruwan sama a ƙauyukan Azagor

Azagor na cikin ƙananan hukumomin Dakoro, jahar Maraɗi, inda ƙungiyar CARE ta soma wani shiri na jure wa sauyin yanayi a 2010, aka kafa ma'aunan ruwan sama a ƙauyuka. Mutanen gari ne suka riƙa duba su da kansu, suna miƙa adadin ga kwamitin gargaɗin gaggawa na SCAP/RU.

Sai dai adadi shi kaɗai bai isa ba. Idan an rubuta milimita 20, dole a haɗa da sunan ƙauye, kwanan wata da lokacin da aka duba. In babu su, ba a iya gwama shi da bayanan ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa ko na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai. Manomi kuwa da wannan adadin yake sanin ko ya shuka hatsi, ko ya dakata kada iri ya ƙone.