Abin da ke faruwa a cikin rodi kafin ya karye: bayani kan matsi, miƙewa da lanƙwasa ta dindindin

Rodin gini da ake saukewa a Kasuwar Jalingo da shagunan kayan gini na babban birnin Jihar Taraba yakan iso ne a naɗe gida biyu, domin tsawonsa na mita 12 ya fi ƙarfin yawancin motocin da ke ɗauko shi. An lanƙwasa shi tun daga inda aka yi lodi, ya kuma zauna a haka. Amma idan mutum ya kama ƙarshen rodin ya ɗan ja shi gefe sannan ya saki, sai ya koma inda yake kamar ba a taɓa shi ba. Ƙarfe ɗaya ne ya nuna hali iri biyu. Sanin inda hali na farko ya ƙare na biyu ya soma shi ne tushen ilimin ƙarfin kayan gini, kuma a kansa injiniya ke dogara kafin ya ce bene zai ɗauki mutane.

Matsin ciki

Abu na farko shi ne abin da Turawa ke kira sitires, wanda za a iya fassarawa da matsin ciki. Ana samunsa ta hanyar raba nauyin da ke kan abu da faɗin jikin da ke ɗauke da nauyin. Mai dakon buhun masara ya san wannan ba tare da lissafi ba, shi ya sa yake sa gammo: nauyin bai ragu ba, wurin da ya sauka ne ya ƙara faɗi. Haka wuƙa mai kaifi take yanka inda dakusasshiya ta kasa, don ta tara ƙarfin hannu a kan siririn baki.

Matsin yana zuwa ta fuska uku. Akwai na ja, kamar igiyar guga a rijiya. Akwai na danni, kamar ginshiƙin da ke ɗauke da rufi. Akwai kuma na zamewa, inda ɓangare ɗaya ke neman gocewa a kan ɗaya, irin abin da almakashi ke yi wa yadi. Masanin lissafi ɗan Faransa, Augustin-Louis Cauchy, shi ne ya tsara wannan tunani a lissafe a 1822. Ma'auninsa shi ne megafaskal, wato niyuton ɗaya a kan kowane murabba'in milimita, niyuton ɗaya kuwa kusan nauyin giram 100 ne. Idan aka ce rodi mai daraja 460 ne, ana nufin kowane murabba'in milimita na jikinsa zai jure kusan kilo 47, ya kusa buhun siminti guda, kafin ya sallama.

A nan ne lissafin ya shafi aljihun mai saye. Rodi mai kaurin milimita 12 faɗin bakinsa murabba'in milimita 113 ne, don haka zai ɗauki sama da tan 5 kafin ya fara miƙewar da ba ta komawa. Idan aka sayar wa mutum mai milimita 11 da sunan mai 12, bambancin da ido zai gani bai taka kara ya karya ba, amma faɗin bakin ya sauka zuwa 95, wato ya ragu da kashi 16 cikin ɗari, kuma nauyin da zai iya ɗauka ya koma kusan tan 4 da rabi. Faɗi yana tafiya ne da kauri ninki kauri, shi ya sa ɗan ragi ke zama babbar asara. Sikeli ya fi ido gane wannan: cikakken rodi mai milimita 12 da tsawon mita 12 nauyinsa kimanin kilo 10.7 ne, mai milimita 16 kuma kusan kilo 19.

Miƙewa

Abu na biyu shi ne sitiren, wato gwargwadon miƙewa. Ana raba ƙarin tsawon da abu ya yi da tsawonsa na asali. Igiyar roba da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita, idan mita ɗaya ce ta ƙaru da santimita 10, miƙewarta kashi 10 cikin ɗari ne. Ba ta da ma'auni na kanta, tun da tsawo aka raba da tsawo.

Robert Hooke, masani ɗan Ingila, ya wallafa a 1678 cewa miƙewa tana tafiya daidai da ƙarfin da ya jawo ta: a ninka nauyi, miƙewa ta ninka. Sikelin rataya mai sifirin da ake gani a kasuwa yana aiki ne a kan wannan ƙa'ida. Adadin da ke nuna taurin kowane abu, wato yawan matsin da ake buƙata don samun wata miƙewa, an laƙaba masa sunan Thomas Young, wanda ya yi bayaninsa a 1807. Na ƙarfe kusan megafaskal 200,000 ne, na alminiyam kusan 70,000, na kankare kuma wajen 30,000.

Da waɗannan lambobi za a ga cewa rodi mai daraja 460 zai miƙe da kashi 0.23 cikin ɗari kacal kafin ya kai iyakarsa. A tsawon mita 12, wannan bai cika santimita 3 ba. Duk miƙewar da ba ta wuce nan ba, ƙarfen zai mayar da ita da zarar an sauke nauyi. Gada tana yin haka duk lokacin da tirela ta hau ta sauka, kuma ba aibi ba ne.

Wani abin da ke rikitar da mutane shi ne, tauri daban, ƙarfi daban. Rodi mai laushi mai daraja 250 da mai daraja 500 taurinsu kusan ɗaya ne. A ƙarƙashin ƙaramin nauyi za su miƙe daidai da juna. Inda suka rabu shi ne inda kowanne ke sallamawa. Saboda haka girgiza rodi a hannu ko sauraren ƙararsa idan an buga shi da ƙasa ba za su bayyana darajarsa ba.

Bayan an wuce iyaka

Idan matsi ya wuce wannan iyaka, wadda za a iya kira gaɓar sallamawa, ƙarfe yakan shiga sauyin siffa na dindindin. A Turance ana kiran wannan hali da kalmar filastik, abin da kan sa wasu masu fassara su ɗauka roba ko leda ake nufi. Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta abin da ake iya mulmulawa ya riƙe siffar da aka ba shi, kamar yumɓu a hannun mai ginin tukwane. Duk da haka leda ta dace da misali. A ja hannun leda a hankali: da farko tana komawa, daga baya sai wani wuri ya sirance ya yi haske, ya ci gaba da miƙewa ba komawa, sannan ta tsinke. Rodi ma haka yake yi a cikin injin gwaji, har da sirancewar wuri ɗaya kafin yankewa.

An daɗe ana mamakin yadda ƙarfe ke sallamawa da sauƙi haka, domin lissafin ƙarfin da ke riƙe ƙwayoyin zarra ya nuna ya kamata ya jure ninkin abin da ake gani sau da yawa. A 1934 masana uku, Geoffrey Taylor da Egon Orowan da Michael Polanyi, kowanne a nasa aikin, suka ba da amsa. Ƙwayoyin ƙarfe a jere suke sahu-sahu, amma a cikin sahun akwai kurakurai, wuraren da wani layi ya ƙare a tsakiya. Waɗannan kurakurai su ne ke tafiya idan an matsa. Mai son gusar da babbar darduma a masallaci ba ya jan ta gaba ɗaya. Yakan tayar da ɗan tudu a gefe ɗaya ya tura shi har ɗaya gefen, sai dardumar ta gusa da ƙarfi kaɗan. Haka sahun ƙwayoyin ke zamewa, taki ɗaya bayan ɗaya, kuma babu abin da zai mayar da su.

Wannan bayani ya fassara abin da maƙera suka sani tun kaka da kakanni. Duk lokacin da aka daki ƙarfe mai sanyi ko aka lanƙwasa shi, kurakuran suna ƙaruwa, suna cuɗanya, suna tare wa juna hanya. Ƙarfen sai ya ƙara ƙarfi a wurin, amma ya rage haƙuri. Shi ya sa idan aka lanƙwasa waya, aka so miƙe ta, takan lanƙwashe ne a gefen wurin farko, in kuma aka yi ta kai da komo sai ta karye. Idan maƙeri ya mayar da ƙarfe cikin wuta ya zuga har ya yi ja, ƙwayoyin sukan sake jeri, taurin ya sake, ya ci gaba da ƙirar fartanya ko lauje. Idan kuma ya tsoma jan ƙarfe mai yawan sinadarin kabon a ruwa, yakan yi tauri ƙwarai, sai dai yana iya tsagewa kamar tangaran, don haka ake sake ɗumama shi kaɗan.

Dalilin da ya sa injiniya ke son ƙarfe mai lanƙwasuwa

Mai gida zai iya zaton cewa rodin da ya ƙi lanƙwasuwa shi ne nagari. Akasin haka ne. Kankare yana da ƙarfi wajen danni, amma wajen ja ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, kuma idan zai fashe ba ya ba da sanarwa. Duk katakon da aka ɗora a kan duwatsu biyu aka hau tsakiyarsa, samansa na matsewa ne, ƙasansa na miƙewa. Haka lintal da dakin suke, shi ya sa ake jera rodi ta ƙasa. A baranda mai fitowa ba ginshiƙi kuwa ja yana sama ne, kuma idan leburori suka tattake rodin ya nutse ƙasa yayin zuba kankare, barandar ta rasa abin riƙo ko da rodin na asali ne.

Ana tsara gini ta yadda idan nauyi ya yi yawa, rodi ne zai fara sallamawa kafin kankare ya murƙushe. Rodin zai yi ta miƙewa, tsaga ta buɗe, rufi ya sunkuyo, mutane su gani su fita. Wannan ɗan jinkiri shi ne amfanin sauyin siffa na dindindin. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 4449, wadda injiniyoyin Najeriya suka saba da ita, ta ɗaga darajar rodi daga 460 zuwa 500 a bugun 2005, ta kuma raba shi aji uku bisa yadda yake miƙewa. Ajin B, alal misali, dole ya miƙe da aƙalla kashi 5 cikin ɗari a ƙarƙashin nauyi mafi girma, wanda ya ninka miƙewar da ke komawa fiye da sau 15.

Yawancin rodin da ake yi a Najeriya a yau daga tsofaffin ƙarafa ake narka shi, irin waɗanda 'yan gwangwan ke tarawa, domin masana'antar Ajaokuta da aka soma a 1979 ba ta kai ga samar da ƙarfe daga tama yadda aka tsara ba. Narka tsohon ƙarfe ba laifi ba ne, ana yinsa a ko'ina a duniya. Matsalar tana zuwa ne idan ba a daidaita sinadarai ba. Kabon da ya wuce kimanin kashi 0.25 cikin ɗari yana ƙara ƙarfi amma yana rage lanƙwasuwa, yana kuma ɓata walda. Irin wannan rodi na iya cin gwajin nauyi ya faɗi gwajin lanƙwasa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin sa ido a kan wannan, kuma tambarin masana'anta da ke jikin rodi shi ne hanyar gano inda ya fito idan an samu matsala.

Masu lanƙwasa rodi a wurin gini su ne kan fara ganin alama. Rodin kirki mai milimita 16 ko ƙasa da haka ya kamata ya zagaye sandar da kaurinta ya ninka nasa sau huɗu ba tare da tsagewa a baya ba. Wanda ya tsage ko ya ɓalle a hannu bai cancanci shiga kankare ba, kuma ɗumama shi da wutar walda don ya lanƙwasu kuskure ne, musamman rodin zamani da ake taurara bayansa da ruwa a masana'anta, domin zafi na warware wannan tauri. Wurin da aka naɗe rodi don lodi ma ya riga ya ci wani kaso na haƙurinsa. Idan an miƙe shi, bai kamata wannan gaɓa ta faɗa inda ja ya fi tsanani ba.

Gajiya, tsatsa da wuta

Ƙarfe na iya karyewa ko bai taɓa kai gaɓar sallamawa ba, idan nauyi na hawa da sauka sau dubbai. Injiniyan jirgin ƙasa ɗan Jamus, August Wöhler, ya yi nazarin wannan gajiya a kan sandunan ƙafafun jirgi a shekarun 1860. Sifirin ɗin motocin da ke jigilar doya da masara a hanyoyin Taraba yana nuna matsalolin biyu: wanda ya baje ya ƙi komawa, lodi ne ya wuce iyakarsa, wanda ya tsinke da santsin baki a gefe ɗaya, tsaga ce ta yi ta ci a hankali.

Tsatsa kuwa rage kauri take yi, kuma an ga abin da ragin milimita ɗaya ke jawowa. A wuri mai damina mai ƙarfi kamar Jalingo, rodin da aka bari tsirara a saman ginin da ba a kammala ba shekara da shekaru yana buƙatar a auna shi kafin a ci gaba da aiki. Ɗan jan tsatsa na sama ba ya cutarwa. Mai ɓarewa ɓawo-ɓawo shi ne abin dubawa.

Wuta ta fi duka sauri. Idan zafi ya kai digiri 550 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyas, ƙarfen gini yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya sallama a ƙarƙashin nauyin da yake ɗauka lafiya lau a da. Wannan ne ya sa ake ganin ƙarafan rufi sun murɗe bayan gobarar kasuwa, kamar wadda ta cinye babbar kasuwar Jos a Fabrairun 2002. Kankaren da ya lulluɓe rodi shi ke jinkirta isar zafi gare shi, don haka shagon da ya ƙone, ko da bangonsa na tsaye, sai injiniya mai rajista da hukumar COREN ya duba dakin da ginshiƙansa kafin a sake zuba kaya a ciki.