Ɗaukaka Ƙara Kafin Kammala Shari'ar Laifi: Daga Fiƙihun Malikiyya Zuwa Dokar 2015

Gabatarwa

A shari'ar laifi alƙali yakan yanke ƙananan matsaloli kafin hukuncin ƙarshe, kamar karɓar shaida, bayar da beli, ko tabbatar da cewa kotu tana da hurumin sauraron ƙarar. Tambayar ita ce: shin wanda bai gamsu da irin wannan mataki ba yana da damar kai kuka gaba nan take, ko sai shari'a ta kammala?

Matsayin Magabata

Sake duba hukunci yana da asali a Musulunci. Wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, Allah Ya yarda da su, ta kwaɗaitar da alƙali komawa ga gaskiya idan ta bayyana gare shi. Sai dai malamai sun ƙuntata wannan ƙofa. Imam al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya ambaci cewa ana warware hukunci idan ya saɓa wa nassi, ko ijma'i, ko ƙa'idojin shari'a, ko ƙiyasi bayyananne. Haka nan a littafinsa al-Ihkam ya rarrabe tsakanin subutu, wato tabbatar hujja a wurin alƙali, da hukunci, wato yankewar da take lizimtar da mutum.

Kariyar wanda ake tuhuma kuwa, Malikiyya sun gina ta a cikin zaman shari'ar kanta. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidu, ya kuma ba shi ajali ya kawo ta. Ibn Farhun a Tabsiratul Hukkam da Ibn Asim a Tuhfatul Hukkam sun yi bayanin wannan, kuma da irin waɗannan littattafai alƙalan Daular Sakkwato suka yi aiki. Wanda aka zalunta yana iya kai kukansa gaban sarki.

Zuwan Tsarin Turawa

Dokar kotunan gargajiya ta 1933 ta buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan alƙalai zuwa kotunan Turawa. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba. Daga 1960 shari'ar laifuka a Arewa ta koma ƙarƙashin rubutaccen kundi. A cikin tsarin da aka gada daga Ingila ne aka saba da ɗaukaka ƙara tun shari'a tana tsakiya, tare da neman a dakatar da ita.

Illar hakan ta bayyana a shari'o'in manya. An gurfanar da tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, a 2007 bisa zargin almundahana. Ya ƙalubalanci hurumin kotu har Kotun Ƙoli, wadda ta yi watsi da ƙorafinsa a 2015. Ba a yanke masa hukunci ba sai a 2018. A irin wannan tsawon lokaci shaidu kan rasu ko su manta, haƙƙin jama'a kuma yana rataye.

Saboda haka sashe na 306 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana kotu sauraron buƙatar dakatar da shari'a. Kotun Ƙoli ta tabbatar da ingancin sashen a 2017, a ƙarar Olisa Metuh. Ɗaukaka ƙarar tana nan, amma ba ta tsayar da zaman kotu.

Kammalawa

Wannan gyara ya kusanci tafarkin fuƙaha'u, amma rabin tafarkin ne kawai. Su da suka ƙi a tsinka shari'a sun wajabta i'izari, sun kuma umarci sabon alƙali ya fara da duba lamarin waɗanda ke tsare. Idan aka hana dakatarwa ba tare da an inganta sauraro ba, talakan da aka hana beli bisa kuskure shi zai ɗauki nauyin. Kotunan Shari'a na jihohin Arewa suna da wannan gado a hannunsu, kuma ya kamata ɗaliban fiƙihu su nazarci yadda za a raya shi a dokokin yau.