Tsohuwar Mota a Matsayin Shaida: Me Ya Sa Alƙalami Zai Riga Sifana

Duk mai garejin da ya gama farfaɗo da tsohuwar mota a Turai ko Amurka, magana ɗaya yake yi: ya mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Ba a cika tambayarsa daga ina ya san yadda ta fito ba. Motar da aka ƙera a 1961 ta haura shekara sittin a hannun mutane, an sake mata fenti, an canza kujeru, wataƙila injin ma ba nata ba ne, waɗanda suka haɗa ta kuwa galibinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne cewa takardun kamfani, duk da darajarsu, ba su isa su amsa wannan tambaya ba. Babbar shaida tana jikin motocin da ba a taɓa kwancewa ba, kuma aikin gyaran da kansa shi ne ke shafe ta. Don haka rubutawa da ɗaukar hoto kafin a kwance noti ko ɗaya wajibi ne, ba ƙarin ado ba ne ga aikin.

Sai a fara ba takardu haƙƙinsu. Kamfanoni da dama sun adana rajistar abin da suka ƙera. Mai tsohuwar Jaguar zai iya neman takardar shaida daga ma'ajiyar tarihin kamfanin, ta gaya masa ranar ƙira, lambar shasi da ta inji da ta akwatin giya, launin fenti da na kujeru, da dillalin da aka fara aika wa motar. Mercedes-Benz na da katin bayanai na irin wannan, Porsche ma haka, Ferrari kuwa ta buɗe sashen Classiche a 2006 don tantance tsofaffin motocinta da zane-zanen asali. A Amurka lamarin sa'a ne: bayanan Ford daga 1967 sun tsira, na Pontiac ma sun tsira, amma na yawancin motocin Chevrolet na shekarun 1960 babu su, shi ya sa mai Corvette ta 1967 yake sauke tankin mai da addu'a a bakinsa, ko zai dace da takardar odar da ma'aikata suka manna a kansa. Waɗannan takardu suna yanke gardama da yawa. Idan rajista ta ce motar kore ce, mai ita ya yi mata ja, magana ta ƙare.

To amma rajista tana faɗin abin da aka yi niyyar ƙerawa ne, ba ta faɗin yadda hannun ma'aikaci ya aiwatar. Jaguar E-Type, wadda aka baje a Geneva a watan Maris na 1961, misali ce mai kyau. Kimanin guda 500 na farko suna da makullin bonet a waje, kuma na farko-farkon ƙasansu shimfiɗaɗɗe ne, sai daga baya aka zurfafa wurin ajiye ƙafa saboda dogayen direbobi. Injin ya tashi daga lita 3.8 zuwa 4.2 a 1964. Tsakanin 1967 da 1968 canje-canjen sun riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, fitilun gaba yau, maɓallan gaban direba gobe, har masu sha'awar motar suka ƙirƙiro wa na wannan tsakani sunan da kamfanin bai taɓa ba su ba. Dalilin a fili yake. Masana'anta ba ta zubar da kayan da suka rage a sito don an fito da sabon zane. Sai sun ƙare ake sa sabo. Motoci biyu da aka haɗa mako ɗaya suna iya bambanta a abin da littafin kayan gyara ya ce iri ɗaya ne. Wanda ya bi littafin kaɗai zai "gyara" abin da dama daidai yake.

Akwai kuma abubuwan da babu takardar da ta taɓa rubuta su. Alamar alli ko kakin da mai duba aiki ya shata a shasi, feshin fentin da ya zarce zuwa inda ba a nufa ba, inda gam ya tsiyaya, tambarin da ke kan kowace ƙusa, ranar zubi da ke jikin tukunyar inji, wadda dole ta riga ranar haɗa motar da 'yan makonni ko watanni. Ƙungiyar masu farfaɗo da Corvette ta Amurka, wadda aka kafa a 1974, ta gina littattafan alƙalancinta ne a kan irin waɗannan bayanai da aka tattaro daga motocin da ba a taɓa ba, har takan rage wa mota maki idan ta fi yadda masana'antar Corvette da ke St. Louis ta saba fitarwa sheƙi. Wannan hukunci ya yi daidai. Ma'aikacin da ke fesa fenti a layi, mota na bin mota, ba shi da lokacin da mai gareji ke da shi, kuma motar da aka goge ƙarƙashinta har mutum na ganin fuskarsa ƙarya take faɗa game da zamaninta, ko da kyakkyawar ƙarya ce. Ita takardar ma wani lokaci sai an haɗa da jikin motar kafin a gaskata ta. A motocin Dodge da Plymouth akan sami takardar layin haɗi cushe a cikin waya ta kujera, kuma sananne ne cewa wani sa'in ta wata motar ce da ke kusa a layi. Manazarcin tsofaffin rubuce-rubucen hannu ya san wannan matsala sarai: mai kwafin da ya gyara abin da ya ɗauka kuskure ne, sannan ya yar da asalin, ya toshe wa na baya hanyar gane ko shi ne ya yi kuskuren.

Suka ta farko ita ce, za a ce mota dukiyar mai ita ce, an yi ta don hawa, ba don a tsaya ana ƙirga ƙusoshi ba. Gaskiya ne, kuma babu abin da na faɗa da ya hana mutum sa birki na zamani ko fentin da ransa ke so. Rubutawa ba ta tauye masa komai. Hotuna, da ma'auni, da ajiye tsohon kayan da aka cire a kwali mai lamba, su ne ke ba wanda zai gaje shi damar komawa baya idan ya so. Yarjejeniyar Turin, wadda ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya FIVA ta fara aiki da ita a 2013, a nan ta tsaya: ba ta haramta canji ba, ta nemi a rubuta shi, a kuma iya bambance sabo da tsoho.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Idan aka wallafa yadda kowane tambari da kowace alama suke, ai an rubuta wa maƙaryata littafin koyarwa ke nan. Inda lamba ɗaya a jikin inji ke ninka farashi, dole a sami mai sake buga lamba, kuma ana samu. Sai dai ɓoye ilimi mai saye yake cutarwa fiye da ɗan damfara, domin shi ɗan damfara ya riga ya yi nasa binciken. Zurfin bayani kuwa shi ke kama shi: zai iya kwaikwayon lambobi, da wuya ya kwaikwayi sawun injin da ya goge wurin kafin a buga su, balle ya sa ranakun kaya ɗari su dace da juna.

Suka ta uku ita ce wadda na fi yarda da ita, har ina ganin tana gyara maƙasudin ne. Ranar fita daga masana'anta ba ita kaɗai ce tarihi ba. Ferrari 250 GT ɗin nan da Giotto Bizzarrini ya sake wa jiki a 1962 don Giovanni Volpi, wadda ake wa laƙabi da motar burodi saboda bayanta, darajarta tana cikin wannan canjin ne. Wanda ya mayar da ita yadda Ferrari ta ƙera ta, garin neman gira ya rasa ido. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da hujojin harsashi, kuma babu mai hankalin da zai kai ta wurin mai walda. Ko gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ta yi suna da motoci masu ƙyalli tun 1950, a 2024 ta ba Bugatti Type 59 ta 1934 babbar kyautarta, karo na farko da motar da aka adana ba tare da sabuntawa ba ta ci. Amma a lura, ba a iya yanke shawarar wane zamani na rayuwar mota za a riƙe sai an san me ya zo daga masana'anta, me ya zo daga baya. Bayanan asali su ne ma'aunin, ko da hukuncin ƙarshe shi ne a bar ta yadda take.

Wannan batu ya taɓa mu a Nijeriya ta wuri ɗaya tak, amma ya taɓa mu sosai. Masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, a shekarun farko ana ɗauko kayan haɗi ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, kuma ta ci gaba da fitar da 504 fiye da shekara ashirin bayan an daina ƙera ta a Faransa. Fijon Kaduna ba lallai ta zama kwafin ta masana'antar Sochaux ta Faransa a komai ba, tunda wasu kayanta a gida aka samo su, kuma littafin da aka buga don kasuwar Turai ba zai faɗi launin da ma'aikatu suka fi oda ba, ko irin yadin kujerar wata shekara. Mafi yawansu sun ƙare a tasha suna jigilar fasinja, kanikawa sun haɗa wannan da waccan har ba a gane asali. Waɗanda suka rage da fentinsu na farko suna ajiye a garejin tsofaffin ma'aikata, magada na jiran mai saye, kuma abin da mai saye zai fara yi shi ne kai ta wurin mai fenti. Mutanen da suka yi aiki a wancan layin, waɗanda za su iya kallon alama a ƙarƙashin bonet su ce ta sashe kaza ce, da yawansu suna nan da rai a Kaduna.