Masu Gadi Uku a Ƙofa Ɗaya

Duk wanda ya yi aiki da kwamfuta mai Windows a farkon shekarun 2000 zai iya tuna wasu ƙananan alamomi uku da kan jeru a ƙasan allo, kusa da agogo: katangar tsaro, manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta, da manhajar farautar masu leƙen asiri. Masana na kiran wannan tsari tsaro hawa-hawa, sai mutum ya ɗauka wani gwani ne ya zauna ya zana shi. Tarihi ya nuna cewa kowacce cikin ukun ta zo ne bayan ɓarawo ya riga ya shiga ta wata kafa da ba a toshe ba.

Ƙwayar cuta ce ta fara. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta Brain, wadda ke yaɗuwa ta faifan filofi, har suka saka adireshinsu da lambar wayarsu a cikinta. Shekara guda bayan haka John McAfee ya kafa kamfaninsa a Amurka. Dabarar irin waɗannan manhajoji ita ce su riƙe kundin alamomin kowace cutar da aka taɓa kamawa, su riƙa gwada fayiloli da shi. Rauninsu ma a nan yake, domin ba su san fuskar baƙon ɓarawo ba.

Intanet ta buɗe ƙofa ta biyu. A watan Nuwamba na 1988 tsutsar da Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Manyan ma'aikatu suka koma ga katangar tsaro, wadda aikinta tantance abin da ke shiga da fita ta hanyar sadarwa. Mai kwamfuta a gida bai damu ba sai da aka ƙona shi. A Agustan 2003 tsutsar Blaster ta riƙa shiga Windows XP ba tare da mutum ya danna komai ba. Jona kwamfutar da intanet kawai ya isa, sai ta nuna ƙidayar daƙiƙa 60 ta kashe kanta. Abin takaicin shi ne XP na da katangar tun fitowarta a 2001, amma a kashe take zuwa. Sai da Sasser, aikin wani matashi Bajamushe, ta sake yin ɓarna a 2004, sannan Microsoft ya kunna ta ga kowa a gyaran da ya fitar a watan Agusta.

Labarin na ukun ya fi ban mamaki, domin matsalarsa ta shari'a ce fiye da ta fasaha. Manhajojin leƙen asiri kan biyo kayan kyauta irin su Kazaa, su riƙa bibiyar shafukan da mutum ke ziyarta suna cika masa allo da talla. Masu yin su kamfanoni ne masu rajista, da ofisoshi da lauyoyi, kuma hujjarsu ita ce mai kwamfutar da kansa ya danna alamar amincewa a ƙasan wata doguwar yarjejeniya da ba wanda ke karantawa. A 2003 kamfanin Gator ya maka shafin PC Pitstop a kotu saboda ya kira hajarsa ta leƙen asiri, sannan ya sauya suna zuwa Claria. Ba mamaki da manyan masu sayar da maganin ƙwayoyin cuta suka ja ƙafa. Ƙanana ne suka cike giɓin: Ad-Aware ta kamfanin Lavasoft, da Spybot ta Bajamushe Patrick Kolla, dukansu ana samun su kyauta. Da Mark Russinovich ya gano a 2005 cewa fayafayan waƙoƙin Sony BMG na dasa ɓoyayyar manhaja a kwamfutocin masu saye, shakkun da ya rage ya gushe.

Daga nan aka fara haɗe masu gadin. Microsoft ya sayi kamfanin GIANT a Disamban 2004, ya mai da hajarsa Windows Defender, kuma daga Windows 8 a 2012 ta haɗa aikin kashe ƙwayoyin cuta da na farautar masu leƙen asiri. An huta da nauyin da ukun ke ɗora wa kwamfuta da tambayoyinsu marasa ƙarewa, kuma a ganina wannan ci gaba ne na gaske.

Sai dai haɗewar ta tara iko a hannu ɗaya. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika da gyara mai kuskure ga manhajarsa, wadda ke zaune a can cikin zuciyar Windows. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne suka tsaya cak. An soke tashin dubban jirage, asibitoci suka ɗage tiyata, alhali babu maharin da ya taɓa ko ɗaya daga cikin na'urorin.