Rabuwar Aure da Riƙon 'Ya'ya: Daga Zauren Alƙali Zuwa Kotun Yau

 Wani manomi daga ƙasar Makarfi ya aiko da tambaya mai harshe biyu. Ya ce ya ji a fim ɗin Indiya wai mabiya addinin Hindu ba su da saki, shin gaskiya ne? Sannan mu a nan Zazzau, in aure ya mutu, wa ke da ikon riƙon 'ya'ya? To malam, gyara zama ka sha labari.

Mu fara da Indiya. A da can, malaman Hindu sun ɗauki aure a matsayin ƙulli na har abada, ko da yake wasu al'ummominsu suna da rabuwa ta gargajiya. Sai a 1955 aka yi dokar auren Hindu, wadda ta ba miji ko mata damar neman rabuwa, amma a gaban kotu kaɗai. A 1976 aka ƙara cewa in dukansu biyu sun yarda, kotu na iya raba su. Wata doka ta 1956 kuma ta ce yaron da bai kai shekara 5 ba, galibi a hannun uwa zai zauna. Ka ga ke nan suna da saki, sai dai ba da baki ake yinsa ba.

Mu dawo gida. Bayan jihadin Shehu Usmanu na 1804, Malam Musa ya karɓi tuta ya zama sarki a birnin Zariya, aikin alƙalai kuwa ya ƙara ƙarfi. Har yau akwai Unguwar Alƙali a cikin ganuwa. Alƙali kan zauna a zaurensa da muhutinsa, yana hukunci bisa mazhabar Malikiyya, da littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Macen da zama ya ƙi mata daɗi tana iya zuwa da ƙafarta ta kai ƙara. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna matan karkara sun san wannan ƙofa sarai.

Turawa sun shigo Zariya a 1902. Abin da suka yi a Indiya shi suka yi a nan: suka sa hannu a shari'ar manyan laifuffuka, suka bar aure da gado a hannun masu addini. Kai, dokar Final Kod ta 1960 ma asalinta daga Indiya take, ta biyo ta Sudan ta iso mana. A wannan shekara aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, ana kuma horar da alƙalai a Kongo, nan Zariya. A 1968 sojoji suka soke kotunan sarakuna, suka raba alƙalai da En'e, aka koma kotunan yanki. A Nuwamban 2001 kuma Jihar Kaduna ta kafa kotunan Shari'a da na gargajiya. Suna ya yi ta canzawa, amma hukuncin auren Musulmi yana nan inda yake.

To me hukuncin ya ce? Miji yana da saki, amma mace ma ba a rufe mata hanya ba. Tana iya neman hul'i, wato ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadaki. In kuwa ta tabbatar da cuta, kamar duka ko rashin ci da sha, alƙali na iya raba auren ba ta biya ko kwabo ba. Mata da yawa kan yi asarar sadaki don rashin sanin wannan bambanci.

Batun 'ya'ya kuwa, nan gizo ke saƙar. A ƙauyukanmu da zarar an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa, wai ai ɗa na uba ne. Wannan al'ada ce, ba Shari'a ba. A Malikiyya uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri bare, riƙo ya koma ga mahaifiyarta, kafin a zo kan dangin uba. Ci da sha da sutura kuwa duk a wuyan uba suke, ko yaron yana gidan wa. Amma alƙali na iya karɓe riƙo daga wanda ba ya kula da yaron.

Shawarata, a fara da sulhu. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya yi umarni a sa mutum guda daga dangin miji, guda daga na mata. In ya faskara, a je kotu da shaidu da takardar saki. Wanda hukunci bai gamsar ba yana iya ɗaukaka ƙara, amma ya hanzarta, don akwai wa'adi. Marar kuɗin lauya kuma ya tuntuɓi Hukumar Taimakon Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976.

Iyaye maza, a ji tsoron Allah. Fushin da kake yi da uwa, kada yaro ya biya bashinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a ci gaba da aiko da wasiƙu. Ku huta lafiya.