Shuɗaɗɗe Ba Shi Ne *Past* Ba: Nahawun Hausa da Koyar da Lokutan Aikatau na Ingilishi a Ƙaramar Sakandare

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi wata al'ada da ta zama ruwan dare a azuzuwan Ingilishi na ƙasar Hausa, wato haɗa lokutan aikatau na Ingilishi da na Hausa suna da suna. Da aka kwatanta tsarin harsunan biyu, sai aka ga cewa abin da nahawun makaranta ke kira shuɗaɗɗen lokaci kammaluwar aiki yake nunawa, ba wucewar zamani ba. Daga wannan ruɗanin ne kurakurai da dama suke tsiro.

1.0 Gabatarwa

Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a fara karatun firamare da harshen uwa ko na yankin da yaro yake, daga baya a koma Ingilishi. Don haka Hausa ta riga ta zauna a bakin yaro kafin ya gamu da jadawalin nan na lokutan Ingilishi 12. Malami zai zana shi gida-gida a allo, ya ce *past* shi ne shuɗaɗɗe, *present continuous* mai ci, *future* mai zuwa. Yara su haddace, su rera, su ci gwajin cike gurbi. Ranar insha'i kuwa sai ka karanta *Yesterday he is sleeping when I came*. A ce yaron daƙiƙi ne? Ai ƙa'idar da aka ba shi ya bi sau da ƙafa.

2.0 Waiwaye

Lado (1957) ya ɗora wahalar mai koyo a kan wuraren da harsuna biyu suka saɓa, Corder (1967) kuma ya nuna kuskure shaida ce ta tsarin da mai koyo ke ginawa a ransa. Ba mu da ja da waɗannan.

Inda muke da ja shi ne da masu riƙe da aikin Dulay da Burt (1974). Sun nazarci yara 60 masu Sifaniyanci da 55 masu Sinanci a Amurka, suka tarar da cewa kusan jeri ɗaya suke bi wajen kama ƙananan alamomin nahawun Ingilishi. Daga nan ra'ayin cewa harshen uwa bai taka wata rawar a-zo-a-gani ba ya bazu, Krashen (1982) kuma ya ƙara masa ƙarfi da cewa darasin nahawu amfaninsa kaɗan ne. Amma abin da suka ƙirga shi ne ko alama ta fito a gurbinta. Ba su bi diddigin ma'anar da yaro ya jingina mata ba, alhali a nan gizo ke saƙa. Yaronmu yana iya rubuta *knew* daidai harafi da harafi, yana nufin *know*. Ƙari a kan haka, yaran da suka nazarta Ingilishi ne ya kewaye su a makaranta da titi, namu kuwa da an tashi daga aji Hausa ce har zuwa gobe. Wanda ba ya samun harshe a kunne dole a ba shi a allo.

Comrie (1976) ya raba lokaci, mai nuna yaushe abu ya faru, da yanayin aiki, mai nuna ko ya kammala ko yana gudana. Newman (2000) da Jaggar (2001) duk sun bayyana *ya* da *yana* na Hausa ta fuskar yanayin aiki.

3.0 Dabarun Bincike

An jera sigogin Hausar Kano, aka gwada kowace da kalmomin lokaci irin su jiya, yanzu da gobe, aka nemi takwararta a Ingilishi. An ɗauko misalan kurakurai daga irin waɗanda marubucin ya saba gyarawa a insha'in ɗalibai.

4.0 Sakamako

Abu na farko a bayyane yake. *Yana* ba ya sauyawa: jiya yana barci, yanzu yana barci, gobe war haka yana barci. Ingilishi kuwa sai ya ce *was*, *is*, *will be*. Wannan ya isa bayanin jimlar da muka kawo a gabatarwa.

Babban al'amarin yana ga shuɗaɗɗe. A ɗauki *ya tafi*. In aka ce "ya tafi jiya", *went* ne. In baƙo ya yi sallama aka ce masa "ai ya tafi", *has gone* ne. In aka ce "ko da muka isa ya tafi", *had gone* ne. Siga ɗaya a Hausa, uku a Ingilishi. Bahaushe bai ga abin da zai hana shi cewa *I have seen him yesterday* ba, tunda "na gan shi jiya" lafiya lau take, kuma ba wanda ya gaya masa cewa wannan sigar ta Ingilishi ba ta zama inuwa ɗaya da kalmar da ta tsayar da lokacin da ya wuce.

Sannan wai shuɗaɗɗen namu har gaba yana shiga. "In ka zo gobe" da "kafin ka dawo na gama" duk ba su faru ba tukuna. Yana kuma zama a yanzu: na sani, na gane, na yarda, ya isa. Malami ya tambaya ko an fahimta, aji ya amsa *we understood*. Ɗalibi ya rubuta *I knew him* yana nufin "na san shi", bai san cewa a kunnen Bature hakan na iya nuna mutumin ya rasu ko zumunci ya yanke ba. Na taɓa ganin an rubuta haka game da wani kawu wanda a lokacin yana raye, yana ma biyan kuɗin makarantar mai rubutun.

Wasu malamai masu lura sun yi ƙoƙarin gyara, suka haɗa *sun* da *present perfect*, *suka* da *simple past*. A cikin labari dabarar tana ɗan aiki, domin *suka* ne ke jan zaren aukuwa: suka tashi, suka shirya, suka fita. Amma tana rushewa a tambaya da ƙarfafawa, inda ginin jimla ne ke tilasta *suka*, ba lokaci ba. "Su wa suka ci abincin?" na iya zama *ate*, na iya zama *have eaten*.

Abin da muke ba da shawara shi ne a jingine sunayen lokuta a makonnin farko. A rubuta *ya tafi* a allo cikin mahallai uku, ɗalibai su ga da idonsu yadda Ingilishi ya raba abin da Hausa ta haɗe. Kafin kowane aikatau su yi wa kansu tambaya biyu: yaushe ne, kuma ya kammala? Ta biyun sun iya ta tun suna goye. Ta farkon ce sabuwa, domin Hausa takan faɗi lokaci sau ɗaya a bakin labari ta wuce, Ingilishi kuwa sai ya maimaita shi a jikin aikatau bayan aikatau.

5.0 Iyakokin Bincike

Dole a amsa cewa ba kowane kuskure ne daga nahawu yake ba. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu, don haka wanda ya ce *walk* a gurbin *walked* wataƙila harshensa ne ya gaza ba fahimtarsa ba. *I am having a car* kuwa, duk da ya yi kama da "ina da mota", ana jin sa a Legas da Indiya, inda ba Hausa ce ta haife shi ba. Binciken na kwatance ne, ba a ƙirga kurakurai ba, kuma an tsaya ga Hausar Kano, an bar karin Sakkwato da Katsina.